Ɓarawon da Ya Yi Shara

Ƙarfe goma na safe wata nas ta shigo caji ofis, ko zama ba ta yi ba ta fara zayyano abin da aka kwashe mata: buhun shinkafa, jarkar man girki, katan ɗin taliya da gwangwanin madara shida.

Sufeto yana rubutu yana haɗiyar yawu. Shi da anininsa a kafaɗa, rabon da buhu sukutum ya shiga gidansa tun kafin farashi ya haukace. Matarsa da cokali take auna mai, in ya yi ƙorafi ta miƙo masa cokalin. Ya san sunan abin da yake ji. Hassada ce, ba wata tsiya ba.

"Duk wannan na mutum nawa ne?"

"Ni da yarana biyu, ranka ya daɗe. Abincin wata biyu ne. Kwana uku na yi a wajen kwas, yaran suna gidan kakarsu, na dawo na tarar da sito wayam."

"Wa kike zargi?"

"Kowa cewa yake mai gadi ne. Mai gidan da muke haya ya rantse in ba a gano ɓarawon ba kafin yamma, tsohon zai tattara ya bar masa gida. Ni dai ko waye, a ɗaure shi."

Suka tafi gidan a motar 'yan sanda. Ɗakuna ne a jere, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Suna shiga wata mata ta taro su daga ɗakin ƙarshe tana goge hannu. Yayar nas ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta direban tasi ne da tsadar fetur ta zaunar.

"Yallaɓai, kar ka wahalar da kanka," in ji Yaya. "Tsohon nan ne. Ni ko hanyar siton ban bi ba."

Sufeto ya duba kwaɗon sito, lafiyarsa ƙalau. Nas ta ce akwai mukulli na biyu a ƙarƙashin tukunyar furanni, kuma duk gidan an sani. Ya durƙusa ya shafa siminti.

"Bakin buhun a ɗinke yake?"

"A buɗe. Na ɗiba sau biyu."

"Wanda ya ja buɗaɗɗen buhu dole ya zubar. Ina ƙwayoyin?"

Babu ko ɗaya, sai shatin tsintsiya fes har cikin kusurwa. Tsintsiyar kuma tana jingine a bayan ƙofa, bakinta yana kallon sama.

"Haka kike ajiye ta?" ya tambayi nas.

"Ni? Inda na gama shara nan nake yar da ita." Ta tsura wa tsintsiyar ido, ta ɗan jima, sannan ta kawar da kai.

Mai gadi yana zaune kan benci a bakin ƙofa, ya ma riga ya ƙulle 'yan tsummokaransa a leda.

"Baba, kwana ukun nan kana ina?"

"Nan, yallaɓai. Ko fitsari ban matsa ba."

"Miƙo hannunka." Tafin duk kanta ne, kafaɗar rigarsa kuma ta yi fari fat da gari. "Gadi ne ya yi maka wannan?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Da rana in kowa ya fita, nakan zaga kasuwa in yi dako na awa biyu. Albashin nan, yallaɓai, ranar goma ga wata yake mutuwa. Ina da jikoki huɗu a hannuna. In mai gida ya ji, na kaɗe."

Sufeto ya rufe littafinsa, bai rubuta wannan ba.

Mai shagon ƙofar gida kuwa baki gare shi kamar rediyo.

"Nas? Ai ba ta sayen komai a wajena, ta fi ƙarfinmu. A mota ake sauke mata. Ranar da buhun nan ya shigo, wallahi har ni sai da na ji haushi."

"Sauran fa?"

"Awon gwangwani. Yayarta kullum gwangwani biyu na shinkafa da mai na ƙulli. A da huɗu take saye, ta koma uku, ta koma biyu. Jiya farashi ya ƙara tashi, na ce bari ta zo mu sha rigima." Ya sosa ƙeya. "Kai, ashe kwana uku ke nan ban gan ta ba."

"Kwana uku ba su ɗora tukunya ba?"

"Ina fa! Jiya ƙamshin suya daga ɗakinta har nan."

Sufeto ya koma ciki, ya yi sallama a ɗakin ƙarshe, nas na biye da shi. Ɗakin tsaf tsaf, ba ka ganin ko tsinke. A bayan ƙofa ga tsintsiya a jingine, bakinta yana kallon sama.

"Wa ya koya miki ajiye tsintsiya haka?"

"Innarmu," in ji Yaya. "Don kar bakin ya lanƙwashe. Waccan ce dai ba ta taɓa koya ba."

Sai da maganar ta fita sannan ta ji abin da ta faɗa.

"Ɗaga mana zanen gadon nan."

Ba ta motsa ba. Sufeto ya ɗaga da kansa. Ga buhu, ga jarka, ga katan. A gefe kuma ga wani ɗan kofi, rabinsa shinkafa ce haɗe da ƙura, wadda ta share ta tattara don ba ta iya barin ta a ƙasa.

"Yaya," nas ta ce. "Da kin tambaye ni ai..."

"In tambaye ki?" Yaya ta juyo, idonta jawur. "Ni na goya ki. Ni na bar makaranta na zauna ɗinki don ki yi karatu. Yau ke ce ake sauke wa buhu a tsakar gida, yarana suna leƙe ta taga. Ƙaramar ta ce min, Umma, me ya sa mu ba ma sayen babba? Me zan ce mata? Ba yunwa ce ta sa ni ba, yallaɓai, rubuta da kyau. So na yi ta buɗe siton nan ta ga wayam, ta tsaya a gaban mai shago da kofi a hannu, ko sau ɗaya ne."

"Shi ya sa kika liƙa wa tsoho?" in ji Sufeto.



Sufeto ya leƙa waje ya ce wa mai gadi ya kwance ƙullinsa. Ya dawo ya tarar nas ta durƙusa tana kuka.

"Ranka ya daɗe, na janye ƙarar. Na yafe mata, ta riƙe kayan duka."

"Sai dai ki biyo mu ofis ki rubuta," in ji Sufeto.

"Kar ki soma," Yaya ta ce. Ta yafa mayafinta, ta zura takalmi. "Kin fi ni albashi, kin fi ni abinci. Yanzu kuma a gaban mutanen gida za ki fi ni hali? Riƙe yafiyarki."

Ta wuce Sufeto, ta ratsa tsakar gida kanta a sama, 'yan haya sun yi cirko-cirko a bakin ƙofofinsu. Da hannunta ta buɗe motar 'yan sanda ta shiga baya. Nas ta biyo da gudu ta kama murfin, Yaya ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta ja ƙofar ta rufe.