Ja Ta Ce

Kin sha ganin tsumma jiƙe da jini a bokitin ɗakin haihuwa, kika kau da kai kika ce ƙaddara. Yau ki tsaya ki kalla.

Da hantsi naƙuda ta kama Auta. Ungozomar safe ta auna ta, ta tara mata makin haɗari: jininta ya hau, idonta fari fat, ga zubar jinin da ta yi a ɓarin bara. Makin ya haye, sai ta ɗaura mata jan zare a wuyan hannu, ta ce duk ma'aikacin da ya gan shi ya san a tanadi jini, likita ya zauna kusa.

Mijinta mai walda yana waje wurin ajiye babur, bai ji ba.

Yana shigowa ya ga zaren. Irinsa ya gani a hannun mahaifiyarsa ranar da aka miƙo musu gawarta, shi ya ɗauka alamar waɗanda aka cire rai da su ce.

"Ba za su sa ki a layin matattu ina tsaye ba, hasken idona..."

Ta buɗe baki ta yi masa bayani, ciwo ya murɗe ta. Ya sa haƙori ya tsinke zaren.

Da rana aka canza ma'aikata. Sabuwar ungozomar ta ga hannu wayam, ta kai ta gadon kowa da kowa.

'Ya mace Auta ta haifa. Ungozoma na goge jaririyar tana tsokana, wai wannan hancin na ubanta ne, sai dai haƙuri. Auta kuwa ɗumi take ji yana bin cinyoyinta a ƙarƙashin zane, katifa na sha, idonta na dushewa.

"Ja..." ta ce.

Ungozoma ta ja mata labule.

"Ja..."

"Ai na ja, mai jego, ki huta."

Mijin na jikin taga, shi ya gane jan zaren take nufi. Ya doki ƙofa da ƙafa, maigadi ya sauke masa kulki a ka, jini ya wanke masa fuska. Da maigadin rataye a wuyansa ya isa, ya buɗe tafin hannu. Ungozoma na ganin zaren ta fizge labulen, ta ƙwalla ihu.

Kafin a samo jini an makara. Sai da aka cire mahaifar aka tsayar da zubar.

Yayan Auta, wanda dama bai so auren ba, ya tare mijin a baranda, ya haɗa masa kai da bango har haƙora suka zube. Mijin bai ɗaga hannu ba. Yayan ya rantse sai ya sake ta.

Da ta farfaɗo aka gaya mata komai. Mijin ya durƙusa gefen gadon, baki a kumbure.

"Ni na hana 'yarmu ƙanne. Yaya ya ce in sake ki, kuma gaskiyarsa ne."

Da hannun da ke da allurar ruwa ta mare shi. Sannan ta damƙi wuyan rigarsa, ta ƙi saki.

"Ka ɓata, ka gudu ka bar ni da wa? Tashi ka ɗauko ta, tana kuka."

Yayan da ke tsaye bakin ƙofa ya juya ya fita.

Ke kuma, ranar awo ki tafi da mijinki. Ki tambayi makinki a gabansa, ki sa a faɗa masa ma'anarsa yadda zai gane. Kada ki tashi daga bencin nan sai an faɗa.