Mai Majaujawa

A rumfar cajin waya ta bakin tashar Kaura Namoda Kamaluddeen ya fara ganinta. Tana tsaye da jakar littattafai a kafaɗa, tana rushe ganuwar wani birni da duwatsun majaujawa a wasan waya na yaƙin zamanin da, wanda shi ma ya daɗe yana bugawa.

"Malama, haka kike jifa babu tausai?"

"Sunana Mubaraka," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Wanda ya gina ganuwa shi ya nemi jifa."

Karatun injiniya take yi, shi kuwa ɗinki yake yi a Shinkafi. Ya tambaye ta me ya sa ta fi son majaujawa, sai baki ya buɗe. Ta ce mutanen Sin suka fara ƙera ta, ƙarti na jan igiya dutse na tashi. Da ta iso hannun Larabawa suka kira ta manjaniƙ, daga baya aka rataya mata nauyi a madadin masu ja. Yana saurare har motar Shinkafi ta tafi ta bar shi.

Suka haɗa runduna. Majaujawa ba ta gudu, ba ta iya kare kanta, don haka 'yan mashinsa ke kewaye ta.

"Jarumata, na tare hanya. Jefa," ya kan rubuto.

"Kamal ɗina, in ka matsa ban yafe ba."

Da aka yi hutu ta koma gida Dauran, ana girbin gero. Waya ba ta kamawa sai a tudun bayan gari, Baba kuma ya hana fita saboda halin da hanya ke ciki. Ta yi sussuka, ta yi surfe, ta haɗiye kewa.

Ranar da ta dawo Kaura ta buɗe wasan, sai ga baƙon suna a rundunarsu: Laila. Igwa take harbawa, 'yan mashin Kamal sun kewaye ta.

Ta kira shi. "Wace ce Laila?"

"Ɗiyar kawuna ce. Inna ta ce in koya mata. Kuma igwa, kin san tana da ƙarfi..."

"Na sani. Na kuma san igwogin farko sun sha fashewa su kashe mai harba su. Ka yi hankali."

Ba a jima ba maganar ta fito fili. Laila Inna ta zaɓa masa, ta ce yarinyar da ke jifa da duwatsu a waya ba ta riƙon gida. Mubaraka ta yi kuka a ɗakinta, ta wanke fuska, ta shiga jarrabawa. Ba ta kira shi ba. Kiransa ma ta bar shi yana ta ƙara.

Sai ga saƙon Laila: "Adda, ki haƙura. Zamanin majaujawa ya wuce."

"Ki shigo fili ke da malaminki, kowa da rundunarsa," ta mayar.

Suka shiga. Mubaraka ba ta ko kalli birnin Kamal ba, kan Laila ta juya. Igwogin Laila suka matso, dakarunta suka yo kan majaujawar da babu mai gadinta. Kafin su iso, 'yan mashin Kamal suka sha gabansu suka tsaya. Duwatsu suka yi ta sauka har ganuwar Laila ta kwanta.

"Kin gani, Jarumata?" ya rubuto.

"Na gani. Wanga wasa ne. Gaban Inna nike son ganin tsayuwarka."

Ya tsaya. Ya durƙusa gaban Inna ya ce shi Mubaraka yake so. Inna ta daina amsa gaisuwarsa har damina ta kama, shi kuwa bai fasa zuwa ba, bai kuma sauya magana ba. Daga ƙarshe kawun da kansa ya ce ba ya ba da ɗiyarsa ga wanda zuciyarsa ke Dauran. Shi ya jagoranci masu neman aure zuwa wajen Baba.

Aka ɗaura aure bayan kaka, aka kai amarya Shinkafi.

Washegari da hantsi, Laila ta ratso tsakar gida da ƙwaryar fura, ta nufi inda ango yake zaune. Sai ga amarya ta fito, lalle bai ko dushe ba, ta tare ta da murmushi.

"Kawo nan, ƙanwata. Na iso."

Inna na daga bakin ɗakinta tana kallo. Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

"Wagga ɗiya! To, ɗana ya samu mai tsaronai. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zaman lahiya."

"Amin, Inna," in ji Mubaraka, ta miƙa wa mijinta furar da hannunta.