Baƙuwar Bazara

"Ba yanzu ba, Hidaya! Na ce miki ba yanzu ba!"

Hidaya ta miƙe daga kan kujera da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya tallafe da cikinta da ya tsufa.

"To sai yaushe, Mahfuz? Sai na haihu na yaye?"

"Disamba... ko Janairu. Idan gari ya yi sanyi Innarki ta zo ta yi wata uku ma, in kai ta bakin kogin Binuwai ta sha iska. Amma Afrilu? A Garwa? Mu da aka haifa a nan ma juyi muke kwana yi kamar masa a tanda, balle Inna da ta saba da sanyin Banyo, ga hawan jini!"

"Haihuwa ba ta san Disamba ba!"

Da a ce komai ya tafi daidai, Hidaya ce za ta tafi Banyo ta haihu a gaban mahaifiyarta, kamar kowace mai cikin fari. Sai likita ta hana, ta ce hanyar nan mai ramuka ba ta mai ciki ba ce. Tunda 'ya ba za ta je ba, ai sai uwa ta zo.

"Goggona tana nan, ita za ta yi miki wankan jego," in ji shi, ya sassauta murya.

"Ina da uwa a raye goggonka ta yi min wanka? Ka fito fili kawai... kunya kake ji a ga uwata 'yar ƙauye a gidanka!"

Maganar ta soke shi har ƙahon zuci. Ita ma ta san sharri ta yi masa, amma wadda tsoron haihuwar fari ya cika wa ciki ba ta auna magana. Ya durƙusa a gabanta ya riƙe hannayenta.

"Haba zuciyata... ni? Wallahi tsoro nake ji mata."

"Ni ma tsoron nake ji, Habibi. Innata nake so a kusa da ni..."

Ta fashe da kuka. To, hawayen Hidaya ba su taɓa kai ƙara gaban Mahfuzu sun faɗi ba. Washegari da kansa ya buga wa Inna Hindu waya ya ce ta taho.

Ta iso da ƙullin kanwa, da yajin jego, da galan na zumar Banyo. Tana saukowa daga mota ta dafe kai.

"Kai! Wannan gari naku, ƙofar wuta aka manta a buɗe ne?"

Kowa ya yi dariya, har da ita.

Ba a jima ba Hidaya ta sauka lafiya, aka samu 'ya mace. Inna ta ɗaura ɗamara. Ta ce ruwan jego ba a dafa shi a kan gas, sai da icce. Safe da yamma tana bayan gida ƙarƙashin rumfar kwano, tana iza wuta a gindin ƙatuwar tukunya, ta gama ta ɗora kunun kanwa, ta sauke ta ɗora farfesu. Ɗakin mai jego kuwa da hannunta ta kashe fanka, ta ce sanyi ba zai shigar mata 'ya ba, ruwan zafi kaɗai ta yarda a ajiye a ciki.

Shi kuma Mahfuzu hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya karɓi hutu a kamfanin audugar da yake aiki, ya cika firijin da ke falo da ruwa da zoɓo, ya kunna na'urar sanyaya falo, ya zauna a nan daga safe har yamma, ƙofa a buɗe, don ko Inna ta yi tari ya ji ya ruga.

"Hidaya, ki ce wa Inna ta shigo falo ta huta mana."

"Inna, wai ki shigo ki sha sanyi."

"To, ina zuwa."

Inna Hindu irin mutanen da ne. Ba ta taɓa kiran sunan surukinta ba, "yaron nan" take cewa. Idan ya gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Ta ƙofar baya take shiga ɗakin 'yarta, ta nan take fita. Hidaya da Mahfuzu kuwa, murnar jaririya ta rufe musu ido, kowa ya ɗauka ɗayan yana lura da ita.

"Inna kin sha ruwa kuwa? Leɓenki ya bushe."

"Na sha, 'yar nan. Ke dai shanye kununki."

Bayan suna da 'yan kwanaki, wata azahar da ko ƙadangare bai yarda ya fito ba, Mahfuzu ya ji ƙarar faɗuwar murfin tukunya. Ya fita da gudu. Inna tana kwance a gefen murhu, jikinta zafi rau, babu ɗigon gumi ko ɗaya.

"Inna! Innalillahi... Hidaya!"

Ya sungume ta ya nufi mota. A hannunsa ta buɗe ido. Da ta gane wanda ya ɗauke ta, sai ta lalubo gefen mayafinta, ta ja ta rufe fuskarta.

"Inna don Allah ki bari! Ni ɗanki ne... ni ɗanki ne, Inna!"

Ba ta kai la'asar ba. Likitan da ya duba ta ya ce zafi ne da ƙishirwa suka haɗu da hawan jinin. Babu halin kai ta Banyo a wannan yanayi, a Garwa aka yi mata sutura kafin magariba, a garin da ta zo baƙunta.

Hidaya ta yi kuka har muryarta ta dishe. Tambaya ɗaya ta tsaya mata a rai: ƙishirwa? A gidan da firiji ke cike da ruwa?

Maƙwabciyarsu Madam Angélique, mai sayar da soyayyen kifi, ita ta kawo amsar ranar da ta shigo gaisuwa. Ta zauna a bakin gado tana sharar hawaye da gefen zani.

"Ma fille, 'yata, ki yafe min... Kullum da rana Mama tana leƙowa ta katanga, ta ce in sam mata ruwan randa. Ta ce na duronku ya yi zafi kamar shayi, ba ya shiga mata. Na ce Mama, frigo fa, firijin gidanku? Ta ce yaron nan yana zaune a wurin, ina ita ina shan ruwa a gaban suruki? Na ce to ki faɗa wa 'yarki. Ta ce a'a, a kori mutum daga falonsa saboda ita? Ranar nan kuma... mon Dieu, ya Allah... ranar nan tun asuba na tafi garin Guider biki. Na san ta ƙwanƙwasa, ba kowa."

Hidaya ta ɗaga kai. Mahfuzu yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Ya juya ya fita.

Da rana ta take, Hidaya ta neme shi a falo, ba ya nan. A bayan gida ta same shi, zaune a ƙasa ƙarƙashin rumfar kwanon, kusa da tokar murhu. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Mahfuz, me kake yi a nan?"

"So nake in ji abin da ta ji."

"Tashi mu shiga ciki."

"Ni na tsare mata ƙofa, Hidaya! Ina zaune ina shan sanyi, wai ni mai kula da ita... ashe ni ne katangar!"

"Ni fa? Ni da na sha nononta, na san halinta sarai, ta ce min ta sha na yarda..."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta juya ta shiga falon, ta buɗe firijin da ba wanda ya taɓa tun ranar rasuwar, ta cika kofi. Ta dawo ta durƙusa a gabansa cikin zafin nan, ita da ko arba'in ba ta yi ba.

Ya kawar da kai.

"Ba zai wuce min ba..."

"Zai wuce. Na binne uwa a garin nan, Habibi, ba zan binne miji ba. Sha!"

Ta kafa masa kofin a baki da hannu biyu. Ya sha yana shessheƙa, rabi na zuba a ƙirjinsa, ita kuma ba ta sauke hannunta ba sai da ta ga ƙasan kofin.