Wanda Ya Ɗauke Tela Daga Kan Gada

Matar Tela ta shigo caji ofis da kwamfuta rungume a ƙirjinta, ta tsaya gaban teburin Sufeto ko zama ba ta yi ba.

"Yallaɓai, an sace mini mijina."

Sufeto ya ɗago kai. "Baiwar Allah, ba ke aka yi wa rasuwa kwanakin baya ba?"

"Ni ce. Wancan Allah ya karɓi abinsa. Na cikin nan aka ɗauke."

Ga yadda abin yake. Tun da ciwo ya cinye ƙafafun Tela ya daina taka keken ɗinki, abokansa biyu, Mai Kemis da Direba, suka jawo shi wani wasa na intanet. Manya da gemunsu, wai wasa! Kowa yana gidansa, amma a fuskar kwamfuta teburi ɗaya ne da taswira a kai. Mai Kemis ke ba da labarin yaƙi da dodanni, su biyun kowa da ɗan mutum-mutumin da yake turawa, a jefa ƙwaya irin ta ludo ta yanke ko an ci ko an faɗi. Mutum-mutumin nan saye ake yi a kantin intanet. Hannu ba ya taɓa shi, amma naka ne kai kaɗai sai in ka bayar. Tela ya sa an yi masa nasa da fuskarsa har da furfura, riƙe da ƙaton almakashi maimakon takobi.

"Shekarunsa na ƙarshe duk a kwance ya yi su," in ji matar. "A nan kaɗai nake ganinsa tsaye. Ni ban san wasa ba, juya shi kawai nake ina kallo."

Sufeto ya kira Kofur da ke duba musu irin waɗannan kaya. Kofur ya yi 'yan danne-danne ya ce ba wanda ya fasa asusun Tela na wasan. Marigayi bai taɓa rufe shi ba. Daga wannan kwamfutar aka tura abin kyauta zuwa wani sabon asusu marar suna, a kwanakin da ake karɓar gaisuwa.

"Wa ya shiga ɗakin da take?"

"Abokansa biyun nan. Kowa ya ce yana son ganin inda ya kwanta, na bar shi."

Sufeto ya fara da Mai Kemis. Ya same shi bayan kanta yana jera kwalabe, sai da ya maimaita sallama kafin ya juyo.

"Ka taɓa yi wa matar abokinka maganar mutum-mutumin?"

"Ni? Ranka ya daɗe, ko a mafarki."

"Ita ta ce har farashi ka yi mata."

Ya ajiye kwalbar hannunsa. "To, na tambaya. So nake in yi masa jana'iza a cikin labari mu rufe wasan. Ta kore ni da tsintsiya, na haƙura."

"Wanda ya yi mini ƙarya yanzun nan, yaya zan yarda ya haƙura? A ina wasan ya tsaya?"

Mai Kemis ya yi ajiyar zuciya. "A kan gada. Dodo ya karya ta, jarumin Tela yana reto a baki. Maharbin Direba yana kusa, da ya miƙa hannu da ya kamo shi. Sai ya ɗauki akwatin zinariya ya tsallake abinsa, yana dariya. Tela ya ce, 'Haka za ka yi mini?' ya kashe kwamfuta. Bai ƙara dawowa ba, jiki ya tsananta."

Sufeto ya duba asusun Mai Kemis kaf, bai ga Tela ba. Amma mai sabon asusu ai ba zai ajiye kayan sata a tsohon ba. Ya ce masa kada ya yi nisa da gari.

Direba kuma a tasha aka same shi, zaune cikin bas ɗinsa ana jiran fasinja.

"Wasa? Yallaɓai, tun da aminina ya tafi na goge shi. Ko sisi ban ƙara sa wa abin nan ba."

"Kun rabu lafiya da marigayi?"

"Lafiya lau. Mu da ko musu ba mu taɓa yi ba."

Sufeto ya dube shi har sai da ya kau da kai ya hau goge sitiyarin da ba ƙura a kansa.

Saura wadda ke ƙera kayan. Wata mata ce mai ɗaki ɗaya a saman bene, ta cika shi da kwamfutoci, a nan take sassaƙa mutum-mutumin ta sa a kanti.

"Tela mai almakashi? Ni na yi shi. Sai da ya sa na sake hancin, wai na yi masa rowa."

"Bayan rasuwarsa, wa ya yi ciniki da ke a cikin mutanensa?"

"Karyayyar gadar nan da dodonta, Mai Kemis kaɗai ya taɓa saye. Sai kwanan nan wani marar suna ya sayi irinsu."

"Mai Kemis zai sayi abin da yake da shi?"

"Wannan marowacin? Ko kyauta sai ya nemi ragi." Ta duba kwamfutarta. "Marar sunan ya kuma aiko mini da wani maharbi in gyara. Ya ce in cire bakan, in durƙusar da shi, in miƙe masa hannu ƙasa. Maharbin ma aikina ne, na san wanda na sayar wa."

Sufeto ya aika a zo da matar Tela, ya koma tasha. Direba yana hango su bai ko yi yunƙurin sauka ba.

"Buɗe aljihun motar."

Allon hannu ne a ciki, irin ƙaramar kwamfutar nan, nannaɗe da tsumma. Aka kunna. Ga gada a karye, ga dodo, ga Tela da furfurarsa yana reto, ga maharbi a durƙushe ya miƙo hannu.

Direba ya rufe fuska. "Ni na ɗauke shi. Na je gaisuwa na ga abin a buɗe. Wallahi ba sayarwa zan yi ba. Cewa na yi in maimaita ranar nan in kamo shi, sannan in mayar."

"To me ya hana ka mayarwa?"

"Ƙwayar ce, Yallaɓai. Kullum ina jefawa. In ta ba ni na kamo shi, sai in tuna ai Tela bai gani ba, in sake."

Matar Tela ta matso bakin taga. "Kai, aminin banza. Yana kwance kullum yana tambaya ko ka zo, ba ka zo ba. Sai da ya tafi ka shigo ɗakina ina kuka ka ɗauke ɗan abin da ya bar mini."

"Ki yafe mini, matar Yaya. Kunya ce ta hana ni zuwa."

"Ba ta hana ka sata ba," in ji Sufeto. "Mayar mata yanzu, ina kallo."

"A bar ni in jefa sau ɗaya."

"Ba za ka jefa ba."

Direba ya danna. Tela ya ɓace daga kan gada, matar ta juya ta tafi ba ta ƙara kallon motar ba. Kofur ya sa wa Direba ankwa ya sauko da shi gaban fasinjojinsa. Sufeto ya ɗauki allon zai kashe, sai ya ga maharbin nan har yanzu yana durƙushe a bakin gada, hannu a miƙe, babu kowa a ƙasa.