Masu Zama a Matatar Ƙura

Rana ta faɗa bayan dutsen da masana'antar siminti ta cinye rabinsa. A ƙauyenmu da ke gindin tsaunukan Gansu, a irin wannan lokaci mata ke kwashe shanya, su kakkaɓe, su sake kakkaɓewa, su tsine wa bututun hayaƙi, sannan su koma kan tukunya. Lan Yumei tana madafa tana jan taliya da hannu. Mijinta Ding Fulin ya dawo daga aiki, ya tsuguna bakin rijiya yana ƙwaƙule toka daga kunnuwansa kafin ya yi alwala. 'Yarsu Shuyan, budurwa ce da ta kusa gama sakandare, tana tattara barkonon da aka shanya a tsakar gida.

Sai dutse ya faɗo a kan rufi.

"'Ya'yan uban wa ne?" Yumei ta ɗaga murya daga madafa. "Ku bari in fito, marasa tarbiyya!"

Fulin ya leƙa lungu, babu kowa, ko kare babu. Yana juyowa wani ya faɗo gab da ƙafarsa. Ya ɗauka, ya yar da sauri yana yarfe hannu. Dunƙulen siminti ne irin wanda ke fitowa daga tanderu, kuma da zafinsa. Tsakanin tanderun da gidan kuwa tafiya ce mai nisa.

Daga ranar, duk magariba sai an yi jifan. Katanga ɗaya ce ta raba ni da gidan, ina jin faɗuwar kowane dutse. Bayan jifa aka koma kan abinci. Yumei za ta rufe tukunya da hannunta, ta buɗe ta tarar romon ya zama kunun toka. Sai kuma muryoyi. Daga ƙarƙashin gadon bulo da suke hura wa wuta lokacin sanyi, sai a ji kamar yara ƙanana suna atishawa, wata babba tana lallashinsu. Gidan ya yi shiru. Kaji ma suka daina kwana a cikinsa.

Wata magariba Shuyan ta ajiye tsintsiya, ta hau gadon, ta juya wa mutane baya. Ta kumbura kumatu ta fara hura iska, wuuu, wuuu, ba ta tsayawa sai ta shiɗe, ta farfaɗo ta ci gaba. Ba ci, ba sha. Kullum sai ramewa take, idanu suna zurmawa. Yumei ba ta gane kukan me 'yarta ke kwaikwayo ba. Fulin ya gane: kukan wani inji ne na wurin aikinsa.

Bari in faɗa muku aikin Fulin, duk da faɗarsa ma ƙyama take ba ni. Doka ta ce duk masana'antar siminti sai ta tace hayaƙinta. Tamu ma tana da matatar ƙura: dogon gini cike da buhunan zane a rataye, da ƙatuwar fanka mai jan hayaƙi ta cikinsu, ƙura ta maƙale, iska ta wuce. Gini mai kyau, an shafe shi da shuɗin fenti. Sai dai fankar na shan wutar lantarki, Manaja Gao kuwa ba ya son abin da ke sha. Don haka a kulle take. In masu duba iska za su zo daga birni, akwai mai yin waya tun suna hanya. Sai Fulin ya ɗauko mabuɗi ya kunna, baƙi su ji ƙara, su ɗaga kai su ga bututu tas, su ci naman rago su tafi. Kafin motarsu ta hau kwalta ya kashe. Wannan shi ne aikin da ake kiransa da shi mai kula da tsabtar iska. Tir!

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka ɗauko Ahun Han, tsohon limamin masallacin gangare, wanda ya san sha'anin mutanen ɓoye. Ya iso bayan sallar magariba, ya karkaɗe farar hularsa a bakin ƙofa, ya zauna kusa da gadon. Ya daɗe yana karatu a hankali. Duhu na shigowa ɗakin kaɗan-kaɗan, babu wanda ya tashi kunna fitila.

Hurin iskar ya tsaya. Shuyan ta juyo, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffin mata, ta zuba wa Ahun ido.

"Wace ce ke?" ya ce. "Musulma ko kafira?"

"Na riga kakanka fara sallah, Ahun." Muryar ta tsohuwa ce, a dusashe. "Kuma rage ƙarfi, kana fesa min yawu."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita? Ko kallon banza ba ta taɓa yi min ba. Tambayi wancan mai kunnen tokan da ya raɓe a bayan ƙofa."

Fulin ya sunkuyar da kai.

"A dutsen can muke tun kaka da kakanni," in ji muryar. "Kuka fasa shi da nakiya, muka yi haƙuri, muka kwashe 'ya'ya muka shiga neman kango. Sai muka ga dogon ginin nan. Duhu, shiru, yanar gizo har a bakin ƙofa. Ba mu afka ba. Muka zuba ido kaka ta wuce, sanyi ya wuce, ko sawun mutum babu. Ahun, kai malami ne. Wurin da 'yan Adam suka yi watsi da shi, na wa ne?"

Ahun ya ce, "Naku ne."

"To. Muka tare. Yarana suna lilo a buhunan nan. Rannan da hantsi sai ga wannan, ba sallama, ba bisimilla, ko gyaran murya bai yi ba, ya danna. Iska ta fizgi autana ta maka shi da ƙarfe. Har yau ba ya ji da kunne ɗaya. Da aikin gaske ne, wallahi da na ce ƙaddara. Ashe don wasu baƙi su ji ƙara ne! Kafin la'asar ya kashe ya yi tafiyarsa yana sakace."

"An zalunce ki," Ahun ya ce. "Amma ba a ɗaukar fansa a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Faɗi abin da kike so, ki fita."

"Abu ɗaya. A raba gardama. In ginin naku ne, ku kunna shi dare da rana, mu kwashe komatsanmu, ba ma zama inda ake aiki. In namu ne, kada a sake taɓa shi har abada. Ya zaɓa."

Ahun ya juya. "Fulin, ka ji. Na farkon ya fi alheri, gare ka da garin nan duka."

"Ahun, ni wa? Manaja Gao zai kore ni kafin in rufe baki."

"Ka gwada mana. Ka je birni ka faɗi gaskiya."

"Ina zan kai bakina? Su ma ai sun ci naman."

"Baban Shuyan!" Yumei ta fashe da kuka. "Yarinya na ƙarewa kana zancen manaja? Ka zaɓi wani abu, don Allah!"

Ya zaɓa. Bai ɗauki lokaci ba ma, shi ya fi ƙona min rai. Ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, ya rantse hannunsa ba zai sake taɓa makunnin ba. Muryar ta ƙara da cewa duk wanda ya taɓa a madadinsa, ta san hanyar gidansa, ta san 'ya'yansa.

"Yanzu fita," Ahun ya ce.

"Ko ba ka ce ba, yau zan fita. Ba don karatunka ba, kada ka ji daɗi." Shuyan ta yatsina fuska, ta dafa ƙirjinta. "Ahun, na kwana a masai. Na kwana a juji, na kwana a bayan mahauta. Ban taɓa zama wuri mai ƙazantar ƙirjin yarinyar nan ba. Kullum sai na share toka kafin in sami inda zan tsuguna. Gefen hagu har ya fara daskarewa. Kada ku ce ni ce. Haka na tarar."

Yumei ta toshe bakinta da gyale.

"Za ki iya fitar da tokar?" Muryar Ahun ta yi ƙasa.

"Ni aljana ce, ba matata ba. Matatar kuwa yanzun nan ubanta ya ba ni ita."

Shuyan ta yi atishawa mai ƙarfi, ta zube a jikin uwarta. Da ta buɗe ido, da muryarta ta ce, "Inna, ruwa."

Kafin gari ya waye labari ya gama masana'anta. Babu ma'aikacin da ya yarda ya ko raɓi shuɗin ginin. Muka ce to, yanzu asirin Manaja Gao zai tonu. Ina! Dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya sa aka naɗo ƙarar fankar wata masana'anta, aka rataye lasifika a bayan ginin, aka tanadi motar fesa ruwa don ranar baƙi. Sannan ya aika wa Fulin ƙaton rago da jan ƙyalle a wuya, wai barka da arziki, yarinya ta warke.

Aka yanka ragon ranar Juma'a. Aka soya gurasar sadaka, aka shimfiɗa tebura a tsakar gida, mata suna yi suna goge tokar da ke sauka a kan kwanuka. Ahun Han ya zo ya yi addu'a, aka miƙa masa nama ya ce azumi yake, ya sa takalminsa ya fita. Sauran jama'a suka naɗe hannun riga. Ana ta loma, ana ta Allah ya kiyaye gaba, maiƙo har gwiwar hannu.

Shuyan ta fito daga madafa da farantin shayi, an yi mata kwalliya, kowa na cewa kai, ta dawo kamar ba ita ba. Tsakar gidan ba wani faɗi gare shi ba. Tana kaiwa tsakiya ta tsaya. Ta ajiye farantin a ƙasa a hankali don kada kofuna su fashe, ta dafa gwiwoyinta, tana jan numfashi ana jin sautinsa daga tebur na ƙarshe.

Fulin yana kallonta da tsokar ragon a bakinsa. Ya kasa taunawa, ya kasa tofarwa.