Salkar Jimrau

Ranar da Jimrau ya fara ganin Hanatu, salka ya je nema.

Kaka ta yi, an yanke gero, ayarin Madugu Attaher na shirin tashi daga rijiyar Dakoro zuwa Agadas nan da wata guda. Wannan ce tafiyar Jimrau ta farko. Ya tanadi raƙuma biyu, ya sa an daka masa gumba, ya nemi cuku da igiya da tabarmar kwana. Abin zuba ruwa kaɗai ya rage, aka ce ya je Birnin Lalle gidan Mamani baduku.

Bai tarar da Mamani ba. 'Yarsa Hanatu ya tarar a gindin bagaruwa, fatar akuya a cinya, basilla a hannu.

Ta ce, "Baba ya tafi kasuwa. Mi kake so?"

Jimrau ya buɗe baki, sunan abin ya ɓace masa. Ya ce, "Abin nan... na ruwa."

Ta rufe baki da gefen zane tana dariya. "Wanda ya mance sunan salka, shi za shi Agadas?"

Ita ta ɗinka masa. Da ya kai gida ya cika ta ya rataye, kafin hantsi ta fara ɗiga. Ya mayar, Hanatu ta gyara, suka yi hira har inuwa ta juya. Bayan kwana uku salkar ta sake yoyo, ya sake komawa. Haka har sau uku. Tana kiransa Ɗan Hanya, shi kuma yana ce mata Mai Basilla.

Akwai wani Kalla, manomi mai rumbu shida, da ya daɗe yana kai gaisuwa gidan Mamani saboda Hanatu. Zirga-zirgar nan ba ta yi masa daɗi ba. Sai ya samu Madugu a bakin rijiya ya ce aikin gidan Mamani ya lalace, salka ɗaya sau uku ana mayarwa. Madugu bai wasa da maganar ruwa. Nan take ya ce babu mai shiga ayarinsa da salkar gidan.

Mamani ya shekara talatin yana ɗinki ba a taɓa kushe shi ba. Ranar ko fura bai sha ba.

Hanatu ta ɗauka Jimrau ne ya yaɗa maganar. Ta aika masa ta bakin gwaggonsa Maraya, mai kai nono Birnin Lalle:

"Ki ce wa Ɗan Hanya, in aikina bai yi mashi ba, ni ya kamata ya faɗa wa, ba bakin rijiya ba. Kar ya ƙara zuwa."

Jimrau ya ji kamar ƙasa ta tsage. Ya ce, "Gwaggo, ki ce wa Mai Basilla, harshena bai taɓa ɗaukar sunanta ba sai da alheri. Gobe za ta ji gaskiya, ko da za a yi mani dariya har in mutu."

Washegari ya roƙi Madugu ya raka shi. A zauren Mamani, gaban dattawa, ya durƙusa.

Ya ce, "Baba, salkar nan lafiyarta lau. Ni nake soka mata ƙayar aduwa, don in samu dalilin dawowa."

Sai aka ji muryar Hanatu daga bayan zana.

"Sau biyu ne nashi, Baba. Na farkon ni na tsallake ɗinki ɗaya da gangan."

Madugu ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya janye maganarsa a wurin. Kalla ya tashi ya nemi takalmansa, ba a ƙara ganinsa a ƙofar gidan ba.

Amma Mamani bai yi dariya ba. Da magabatan Jimrau suka zo neman aure, sai ya ce a'a.

Ya ce, "Ban ƙi yaron ba. Amma babbar ɗiyata A'ishatu ɗan ayari na ba. Shekara huɗu ke nan, babu shi babu labari. Kullum da marece tana tsaye tana kallon arewa. Ba ni ƙara sa wata ɗiyata tsayuwar nan."

Jimrau ya samu Hanatu a bakin rijiya da rana, tana jan guga.

Ya ce, "Na fasa tafiyar. Zan saida raƙuman in kama noma."

Ta saki igiyar ta dube shi. "Tun da na san ka, maganar Agadas kake. In ka zauna saboda ni, jikinka ne kaɗai zan samu, zuciyarka na can bayan ayari."

"To yaya za mu yi, Hana? Ba ni iya tafiya in bar ki."

Ta ce, "Wa ya ce ka bar ni?"

Da la'asar ta durƙusa gaban mahaifinta. Ta ce, "Baba, jira kake ji mani tsoro. To ba ni jira. Matan mutum uku na cikin ayarin nan, kuma Madugu ya ce ba su da mai gyaran fata. Ka koya mani sana'a, ka bar ni in kai ta inda ake bukatarta."

A'ishatu ce, da ke tankaɗe a gefe, ta ce a hankali, "Baba, da an tambaye ni, da na bi nawa."

Kwana huɗu Mamani bai yi wa kowa maganar ba. Sai dai ya fito da jajayen fatun da ya jeme ya ajiye, ya zauna yana haɗa su tun safe har magariba. Rana ta biyar ya kafa sanduna a tsakar gida ya ɗora. Tanti ne, daidai kwanan mutum biyu.

Ya ce, "A kira dangin yaron nan."

An ɗaura aure ranar Juma'a, aka raba goro da dabino, mata suka yi guɗa har maƙwabta suka fito. Kwana bakwai bayan haka ayari ya tashi da hantsi. Jimrau ya gurfanar da raƙumi, ya riƙe wa amaryarsa hannu ta hau.

Ya ce, "Kina jin tsoro?"

Ta ce, "Ƙwarai kuwa. Ja akala mu tafi."

Mamani ya raka su har bayan gari. Can ya tsaya, ya ɗaga hannuwa biyu.

"Allah ya sa kowace rijiya ku tarar da ruwa. Allah ya kai ku tare, ya maido mani ku tare."

Duk ayarin ya amsa da amin.