Haf-fe da Gyara

Shekarar da aka fara yaƙin basasa na yi asarar tukwanena guda uku, da kuɗin mota zuwa Kano, da gaisuwar dangin mijina. Abin da na samu kuwa suruki ne mai tari. Ni Kande mai tuwon Sabo ta Ibadan, wadda fataken goro suka san ba a taya mini, ga yadda cinikin ya kasance.

Tun rasuwar mijina Malam ni da autata Fadimatu muke riƙe da murhu. Yaron da ke sonta Hadi ne, haifaffen Ibadan, yana aiki a wani kamfanin katako. Da iyayensa suka zo tambaya na yanka musu sadaki fam talatin, na ce ko sisi ba ragi. Ya ce ya ji ya gani, ya shiga tarawa.

Wata ranar la'asar ina tuƙa tuwo ya yi sallama, ya tsuguna yana gaishe ni. Sai tari ya sarƙe shi. Ya toshe baki da hankici, ya yi maza ya cusa aljihu, amma ni da Fadimatu duk mun ga jan da ke jiki.

"Hadi! Mene ne wannan?"

"No wahala, Fati. Likitan kamfani ya ce tibi ne. Sun ba ni sik-lif."

"Yi mini Hausa, yaro," na ce.

"Tarin fuka ne, Iya, sun ba ni hutun jinya. Wata uku za su biya ni cikakken albashi, bayan nan haf-fe, wato rabi, har in warke. Sharaɗi ɗaya ne, duk Litinin in bayyana gaban likitansu a yi mini allura."

Wata ukun suka wuce, ya koma rabi, ya rame har agogonsa na zamewa. A daidai lokacin garin ya ɗauki zafi. Kullum da sabon labari: yau a ce za a kori Hausawa, gobe a ce za a rufe hanyar arewa. Mutum ya kwana da maƙwabci, da safe ya ga kwaɗo a ƙofarsa. Masu cin tuwona suka ragu, waɗanda suka rage kuma ba sa hira, kunnensu na kan rediyo.

Sai ga Yaya Maharazu, wan mijina, ya shigo ko zama bai yi ba.

"Kande, na biya muku mota, ki mayar mini da kuɗina. Asabar za mu tashi daga tashar Ojoo. Maganar yaron nan kuma a bar ta. Mai rabin albashi rabin mutum ne, kuma ga dukkan alama ragowar rabin ma tafiya zai yi."

"Baffa, don Allah..." Fadimatu ta fara.

"Rufe mini baki! Ubansa ma da mu zai tafi. In yana son rai ya biyo mu a yi masa na gargajiya."

Na aika aka kira Hadi. Ya jingina da bango yana numfashi sama-sama.

"Iya, ba zan iya tafiya ba. Tun bara ma'aikata ke gudu. Duk wanda Litinin ta wuce ba a gan shi ba, sai a sa shi cikin waɗanda suka tsere. Ba kuɗi, ba allura, ba aiki."

"To wa zai dafa maka in kowa ya watse?"

Fadimatu ta kifa kai a gwiwa tana kuka.

Na ce a raina, ai duk abin da mutum ya sa wa farashi ana iya taya shi. Washegari na yafa mayafina na tafi kamfanin, na sami babban akawunsu, wani Bayarabe mai jin Hausa.

"Oga, ku bar shi ya tafi Kano, ku riƙa aika masa da rabin nan."

"Mama, ba zai yiwu ba."

"To rabin rabi."

Ya yi dariya. "Nan ba kasuwa ba ce. Kuɗin nan ba sadaka muke ba shi ba, haƙƙinsa ne, 'yan yuniyan, ƙungiyar ma'aikata, suka yi faɗa a kai. Ba ni da ikon rage shi, ba ni da ikon ɗauke sharaɗin. Amma ki ji abin da likita ya ce: yaron nan in bai sami mai ciyar da shi ba, allura ba za ta riƙe shi ba."

Tunda nake ban taɓa tashi daga ciniki hannu banza ba. Na gyara zama.

"Na ji, farashinku ba ya motsi. Gyara fa? Ko mai barkono yana ƙara gyara."

"Wace irin gyara?"

"Motarku ta katako tana bi ta Mokola, kusa da unguwarmu, kowace safiya. Ta tsaya ta ɗauke shi ranar Litinin, ba ya iya hawan tudun nan."

Ya dube ni ya girgiza kai. "Mama, o le ju! Kin cika tsauri. An gama."

Amma mota ba ta dafa tuwo. Ranar Asabar muka isa Ojoo, tasha ta cika maƙil, yara na kuka, sojoji na zagayawa ba mai haɗa ido da su. Aka ɗaure tukwanena can saman kaya. Na hau na zauna. Fadimatu ta sa ƙafa ɗaya a matakala, sai ta sauke, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Iya, ki yafe mini. In na hau motar nan, kafin mu kai Ilori na san an fara haƙa masa kabari."

"Ɗauko ta!" Yaya Maharazu ya daka wa yaran mota tsawa.

"Wanda ya taɓa ta zai san ni," na ce. Na sauko.

"Kande, in motar nan ta tashi ba ke, ba ke ba mu! In aka shigo Sabo da adduna kada ki nemi kowa!"

"Allah ya kiyaye hanya, Yaya. A sauke mini tukwanena."

"Ba mai kwance kaya saboda ke!"

Haka na tsaya ina kallon tukwanen da na yi shekaru ina ci da su suna nufar arewa.

Muka koma unguwa rabinta a kulle. Na ari 'yar tukunya wajen wata Iya Bayarabiya. Duk ƙarar mota sai gabanmu ya faɗi. Ni ke kai wa Hadi abinci da kaina, kwanonsa daban kamar yadda likita ya ce, Fadimatu kuwa iyakarta bakin zaure, su yi hirarsu daga nesa. Rabin albashin nan shi ya sayi ƙwai da madara da hanta. Akwai Litinin ɗin da sai da muka riƙe shi mu biyu muka kai shi bakin titi, ana ruwa, amma bai taɓa fashi ba.

Addunan ba su zo ba. Tarin ya yi sauƙi, agogo ya daina zamewa, likita ya ce ya koma bakin aiki, kuma ya tarar da gurbinsa na jiransa. Masu kwaɗo suka fara dawowa. Yaya Maharazu ma ya dawo, har yau in mun haɗu sai ya kalli gefe.

'Yan mata, ku ji daga bakin mai tuwo: ba a auna miji da albashin watan da ya kwanta. Ku kuma masu aiki, ku san haƙƙinku, ku riƙe sharaɗinsa, kada tsoro ya kore ku ku bar shi a ƙasa. Wanda ya yi haƙuri ya tsaya, Allah ba ya mantawa da shi.

Da limamin unguwa, wanda ya tsaya wa Fadimatu waliyyi, ya aiko a tambaye ni sadaki, Hadi ya zo da kansa yana sosa ƙeya, wai jinya ta cinye abin da ya tara, in ƙara masa lokaci ya cika talatin ɗin.

Na ce, "Je ka gaya wa Liman, haf-fe. Fam goma sha biyar. Da babbar tukunyar tuwo guda ɗaya, ita ce gyarata."